Amanjol-aga da Rufin Zauren Kokjal

Na Allah ne mu duka, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, Allah Ya ɗauki ran Amanjol Sarsenbayev a asibiti a nan Almaty, bayan jinyar ciwon huhu ta kusan wata biyu. Ya rasu yana da shekara saba'in da biyu. Ya bar matarsa Kulyash-apa da 'ya'ya uku da jikoki takwas. Ranar Alhamis aka sallace shi, aka kai shi makwancinsa a ƙauyensu na gindin dutse, kusa da mahaifinsa, kamar yadda ya yi wasiyya.

Na san da yawa daga masu karanta wannan ba su taɓa jin sunansa ba. Amma in dai ka taɓa shiga zauren Kokjal kallon mawaƙa, ka yi tsalle ka yi ihu har muryarka ta dushe, ka koma gida lafiya, to ka taɓa zama a ƙarƙashin aikin hannunsa. Shekara talatin da ɗaya shi ne shugaban masu rataye kaya a rufin zauren. Ni kuwa, Meruert, ni ce mai shirya taruka a wurin, kuma shekara goma sha biyar muka yi aiki tare. Akwai laifin da na yi masa, wanda na yi shekara bakwai ina jan ƙafa kafin in nemi gafararsa. Zan faɗe shi a nan, domin na san halinsa: yabon da aka binne gaskiya a ƙarƙashinsa ba zai karɓa ba.

Kokjal don wasan hokin ƙanƙara aka gina shi, kiɗa daga baya ya zo. Ranar da masu kiɗan rok za su sauka, tun da sassafe tirelolinsu ke jeruwa a ƙofar baya, wasu daga Tashkent, wasu daga Novosibirsk, direbobi idanu jajir. A shimfiɗa katakai masu kauri a kan ƙanƙarar, a kafa dandamali, kafin magariba mutum dubu shida sun tsaya a inda jiya ake fafatawa da sanduna. Washegari a kwashe komai, Stepanich mai horar da 'yan hoki ya shigo yana mita wai mun ɓata masa ƙanƙara. Wannan duk aikin ƙasa ne, na Amanjol-aga, wato yaya Amanjol da yarenmu, a sama yake. Duk lasifikar da ka ji tana girgiza maka ƙirji, duk fitilar da ta haske maka ido, da sarƙa aka rataye ta a ƙarafan rufi, bisa kawunan 'ya'yan mutane. Shi ke zana alli a ƙasa ya ce nan sarƙa za ta sauko, shi ke hawa ya duba inda aka ɗaura ta. Kuma babu abin da ke tashi sama sai ya sa hannu a takarda, sannan ni in sa nawa a ƙarƙashin nasa.

Abin dariyar shi ne, aga, kai ba ka son kiɗan nan ko kaɗan. Kakan ce da injin niƙa zai samu mai sayar masa da tikiti, da shi ma ya cika zaure. Da an fara wasa sai ka toshe kunnuwa da auduga, ka hau can sama ka zauna a kan ƙarfe kana kallon sarƙoƙi har a tashi. Ban jin ka taɓa ganin fuskar mawaƙi ɗaya daga gaba, tsakar kansu kawai ka sani. Amma baƙo a wurinka baƙo ne, ko da gashinsa ya sauko har kugu, ko da ya zane jikinsa tun daga wuya har yatsu. A ɗan ɗakinka na ƙarƙashin matakala butar shayi ba ta hucewa. Direban da ya kwana biyu a hanya sai ka zaunar da shi, ka zuba masa shayi da madara, ka tura masa farantin baursak ɗin Kulyash-apa, soyayyen fanken nan namu, kana yi masa yarenmu yana yi maka nasa, kuna ta dariya, ni mai fassara ina tsaye ba ni da aiki.

Ba zan manta watana na farko ba. Wani manajan mawaƙa ya yi mini tsawa a gaban jama'a saboda an kai wa mutanensa ruwa mai sanyi alhali marar sanyi suka nema, ko kuwa akasin haka ne, na ma manta. Na shige lungu ina kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa. Ka same ni, ka miƙo mini tsumman goge hannu mai warin man inji, ka ce, "Baƙo raɓa ne, ƙanwata. Gobe war haka suna hanyar Bishkek, mu ne za mu zauna da zauren." Tun daga ranar na zama ƙanwarka. Da mahaifina ya rasu, kai ne ka fara isowa gidanmu, ka kawo mutanenka suka kafa rumfar zaman makoki tun kafin mu san inda kanmu yake.

Akwai ɗabi'arsa guda da kowa a Kokjal ya sani, har ta zama abin tsokana. Duk safiyar da aka wayi gari da dusar ƙanƙara, kafin ya sha shayi sai ya hau saman rufin ta waje, ta tsanin ƙarfen nan mai matakai ɗari da goma sha biyu. Yana riƙe da guntun bututun murhu da ma'aunin rataye irin na matan kasuwa. Ya kafa bututun a cikin dusar har ya taɓa rufi, ya zura faranti a ƙarƙashi, ya juye abin da ya ɗebo a leda, ya auna. Wuri biyar yake yin haka, sannan ya sauko ya rubuta nauyin da alli a ƙofar ɗakinsa. Babu wanda ya sa shi, babu dokar da ta ce a yi. Ma'aikata sukan tambaye shi yaya kasuwar dusa yau, ko za a yi musu gyara in sun sayi da yawa. Yakan yi murmushi ya ce tsayin dusa ba ya gaya wa mutum komai: busasshiya ko ta kai gwiwa auduga ce, jiƙaƙƙiya kuwa taƙi ɗaya ma dutse ce. Ni ma na sha yi masa dariya, Allah Ya yafe mini.

Shekara bakwai da suka wuce, a farkon watan Maris, muka karɓi ƙungiya mafi girma da ta taɓa sauka a zaurenmu, wasu Jamusawa masu tirela goma sha huɗu. Shekara guda cur na yi ina lallashinsu ta wasiƙa da waya kafin su yarda su sa Almaty a hanyarsu. Tikiti ya ƙare tun wata biyu kafin ranar. Samari sun taso daga Shymkent da Taraz a jirgin ƙasa. Ni kuwa kaina ya kumbura, in faɗi gaskiya, ina tafiya ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Sai ga dusa ta kwana uku tana zuba, ana gobe wasa kuma iska ta yi ɗumi, yayyafi ya sauka a kanta.

Ƙarfe bakwai na safe muna tsaye a kan katakan, ni da shugaban ma'aikatan Jamusawan, wani dogo mai suna Lindner, mutum mai tsari wanda komai nasa a rubuce yake. Ya shimfiɗa takardunsa: ga nauyin kayansu, ga abin da injiniyoyinmu suka rubuta cewa rufin na iya ɗauka, har da sarari. Mutanen Amanjol-aga su goma sha ɗaya sun riga sun ɗaura igiyoyinsu a kugu suna jiran umarni. Sai ga shi ya shigo daga waje, wandonsa sharkaf har cinya, hannayensa sun yi ja. Ko kallon takardun bai yi ba.

Ya ce, "Meruert-jan, gaya wa baƙonmu yau ko ƙusa ba za a rataya ba, sai an sauke abin da ke sama."

Na ce, "Aga, takardar injiniyoyi ce fa, ga hatimi, ga sa hannu."

Ya ce, "Na gani. Takardar a aljihun tebur ta kwana, rufin kuwa a waje ya kwana."

Na fassara wa Lindner. Bai yi faɗa ba, agogo kawai ya duba, ya ce in har ƙarfe ɗaya na rana ta yi sarƙoƙi ba su fara tashi ba, lokaci ba zai ishe su haɗa kaya ba, za su loda su wuce Tashkent. Na buga waya nan, na buga can, kowa ya ce duk wani mai shebur a garin nan yana kan titi. Ina tsaye ina kallon aikin shekara guda yana narkewa a gabana.

A nan ne shaiɗan ya hau kaina. Na juya ga mutumin da ya girme ni da shekara ashirin, a gaban ma'aikatansa, na ce masa ya tsufa, tsoro ne kawai ke damunsa yake kiransa ilimi, kuma zamanin auna dusa da ma'aunin tumatir ya wuce. Na ce ya kunyata mu a gaban baƙi. Ya dube ni, babu fushi a fuskarsa, ya ce, "Allah Ya huci zuciyarki, ƙanwata. Amma ba zan sa hannu ba." Ya juya ya nufi ɗakinsa.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Na hau ofis, na zauna na rubuta wa daraktanmu na lokacin wasiƙa shafi guda. Na iya rubutu, wannan kam ba na musu, kuma duk iyawata na zuba a ciki: cewa Sarsenbayev ya wuce shekarun ritaya, ba ya jin magana, yana kawo cikas ga ci gaban zauren, lokaci ya yi da za a sallame shi cikin mutunci. Ƙarfe takwas na ajiye ta a teburin darakta. An ce magana zarar bunu ce, to rubutacciya ta fi muni.

Amanjol-aga kuwa ashe asar ya shiga kira, wato gayya irin tamu. Asar a kan gida ake kiranta, in gini ko girbi ya fi ƙarfin mutum: maƙwabta su zo da hannayensu, ba a biyan kowa, ba a kuma ƙin zuwa, mai kira ya ciyar kawai. Ban taɓa jin wanda ya kira ta don ginin da ba nasa ba, balle don wasu masu jita da bai san sunansu ba. Mutuncinsa na shekaru ya ɗauko ya shimfiɗa. Ya kira mutanen unguwarsu, ya kira abokan sahunsa na masallaci, ya kira surukansa da tsofaffin abokan aiki. Stepanich ya soke atisaye ya zo da 'yan wasansa gaba ɗaya. Wajen ƙarfe tara da rabi na leƙa ta taga, na ga motoci na ta tsayawa, maza na fitowa kowa da shebur a kafaɗa, wasu har da furfura.

Sun haura mutum ɗari. Babu wanda ya taka rufin sai Amanjol-aga ya duba ƙullin igiyarsa ya ja ya gwada. Daga baki-baki ya sa aka faro, yana ƙara mutane kaɗan-kaɗan yayin da nauyi ke raguwa. Ya raba su gida biyu, gabas da yamma, ya ce kada ɓangare ɗaya ya riga ɗaya, domin rufin da aka sauke wa kaya ta gefe guda ya fi wanda ba a taɓa ba haɗari. An ba ni labari Stepanich, yana haki, ya ce masa shekara ashirin yana neman abin da zai sa 'yan wasan nan su yi gumi kafin azahar bai samu ba sai yau, in dusa ta sake zuba a kira shi. Amanjol-aga ya ce ya rage surutu, duk rufin nan shebur ɗinsa ne kaɗai bai jiƙe ba.

A ƙasa kuma Kulyash-apa da matan unguwarsu sun kafa manyan tukwane biyu a bayan zaure, tsakanin tirelolin baƙi, ana dafa shinkafa da naman rago. Ragon nasu ne, daga baya na ji. Lindner ya daɗe yana kallon dusa tana zubowa daga sama ta ɓangarori biyu, sannan ya tambaye ni wane kamfani ne wannan. Na ce masa maƙwabta ne. Ya sake tambaya, a zatonsa ban fahimta ba, na sake ba shi amsar. Sai ya cire rigarsa ta sama ya ce a ba shi shebur, mutanensa suka bi bayansa. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Na ɗauki tiren shayi ina rabawa, Kulyash-apa tana ta sa mini albarka, ba ta san abin da na ajiye a teburin darakta ba.

Ƙarfe ɗaya saura minti ashirin Amanjol-aga ya sake auna dusar, ya sauko, ya sa hannu, ya miƙo mini biro kamar ba abin da ya faru. Ba zan ce da ba a kwashe dusar ba rufin zai rufto ba, wannan Allah kaɗai Ya sani. Abin da na gani da idona kawai zan faɗa. Lindner yana da na'urar auna tsayi, da safe ya auna daga katako zuwa babban ƙarfen tsakiya don lissafin sarƙoƙinsa. Da ya sake aunawa da rana sai ya kira ni gefe ya nuna mini lambobin biyu. Ƙarfen ya ɗago da kusan faɗin yatsa uku. Ya je ya kama hannun Amanjol-aga da hannayensa biyu ya riƙe.

An yi wasa, zaure ya cika, jaridu sun yaba, har sunana aka ambata. Amma tun kafin a buɗe ƙofa na ruga ofishin darakta in karɓo wasiƙata. Ya ce ai ya karanta, kuma gaskiya na rubuta, ya tura ta cikin aljihun tebur. Ashe dama ya daɗe yana neman hanyar kawo wani kamfani ya karɓi aikin rataye kaya, ni kuwa na share masa hanya. A watan Mayu aka yi wa Amanjol-aga ritaya. Aka yi walima, aka yafa masa alkyabba mai aiki a kafaɗa kamar yadda ake wa manya, kuma ni ɗin nan, ba kunya ba tsoron Allah, ni aka sa na yi jawabin yabo. Ya tashi ya gode wa kowa, har mai shara bai manta ba. Ya ce in an buƙace shi an san gidansa.

Shekara bakwai ina ganinsa a wuraren biki da zaman makoki. Kullum shi ke fara hango ni, ya ce, "Ƙanwata, kin ɓuya." In gaishe shi a tsaitsaye in ce aiki ne ya yi yawa. Sau nawa na tuƙa mota har bakin layinsu in juya, ban san adadi ba. Ina gaya wa kaina ai bai sani ba, me zai sa in tono abin da zai ɓata masa rai. Ƙarya ce nake wa kaina, tsoron idonsa kawai nake ji. Ni da ke tsayawa gaban manajoji masu zafin kai in mayar musu da magana, na kasa tsayawa gaban tsoho ɗaya mai kirki.

Ranar Juma'ar ƙarshe ta rayuwarsa Kulyash-apa ta kira ni da safe. Ta ce agana yana cigiyata, kuma in zan zo to in zo, likitoci sun daina faɗin komai. Na same shi a kishingiɗe, ya rame, da robar iska a hanci, amma idanun nan suna nan yadda na san su. Kulyash-apa ta ce za ta je neman ruwan zafi, ta ja ƙofa. Na zauna a bakin gado na faɗa masa komai, tun daga shafin wasiƙar har jawabin walima. Ban rage ko kalma ɗaya don in sassauta wa kaina ba. Na ce ni ce na raba shi da aikinsa, kuma na zo neman gafara.

Ya ce, "Na sani. Darakta ya kira ni ya karanta mini ita tun a safiyar, wai ko zan tsorata in sa hannu. Kin iya rubutu, ƙanwata, har ni sai da na kusa yarda."

Na ce, "Tun kafin ka hau rufin da mutane?"

Ya ce, "Tun kafin. To me ya haɗa wasiƙa da rufi? 'Ya'yan mutane ne za su tsaya a ƙasa, kuma sunanki ne a ƙarƙashin nawa."

Kuka ya ƙwace mini. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya tambaye ni wa ke hawa yanzu. Na fara yi masa bayani cewa ma'aikatan kamfanin sun ƙware, kuma sau biyu a shekara injiniyoyi ke zuwa dubawa. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya ce ba wannan ya tambaya ba, in an wayi gari da dusa wa ke hawa. Na ce babu kowa. Ya rufe ido. Can ya ce, "Jiya ta zuba. Je ki ki hau, ki dawo ki gaya mini, sannan mu yi maganar gafara."

Shekarata hamsin da biyu, gwiwoyina ba su da kirki, kuma ko kan kujera na hau don canja ƙwan fitila sai jiri ya ɗebe ni. Ranar Asabar da safe na sa mai gadi ya buɗe mini ƙofar tsanin, ya ɗaura mini igiya yana kallona kamar na zare. Na ari ma'auni a ɗakin girki, na samu guntun bututu a shagon masu gyara. Sau huɗu na tsaya a hanya na rungume ƙarfe ina karanta duk addu'ar da na iya. Da na kai sama na ga faɗin abin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana lura da shi shi kaɗai, fari fat, shiru, ga duwatsu can sun yi tsaye. Shekara ashirin da biyu ina aiki a ƙarƙashin rufin nan, ban taɓa ganin bayansa ba sai ranar. Na auna wuri biyar, na rubuta a tafin hannu don kada in manta.

Kai tsaye asibiti na wuce da jiƙaƙƙen takalmi. Na karanta masa lambobin ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai. Ya tambaya ko tana dunƙuluwa in an matsa ta a hannu, na ce a'a, wargajewa take yi. Ya ce to busasshiya ce, babu damuwa. Sannan ya kama yatsuna ya ce, "Na yafe miki duniya da lahira. Dama tun ranar na yafe, amma da na faɗa miki jiya, da ba ki hau ba." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Aga, a ɓoye na nemi gafararka, a ɗakin asibiti, ƙofa a rufe. Amma ba a ɓoye na ci mutuncinka ba, a gaban mutanenka goma sha ɗaya ne, kuma yawancinsu suna raye, za su karanta wannan. To su ji daga bakin da ya faɗi waccan maganar: na ce tsoro ne ke damunka, ƙarya na yi. A zauren nan ranar, mutum ɗaya ne ya san an riga an ɗora wuƙa a kan aikinsa kuma bai matsa ko taki ɗaya ba, kai ne. Mai tsoron ni ce.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kulyash-apa, wadda ta san komai tun shekara bakwai amma ba ta taɓa canja mini fuska ba, da 'ya'yansa Darhan da Sandugash da Elaman, da jikokinsa, da mutanen unguwarsu da suka amsa kiransa, da duk wanda ya taɓa ɗaura igiya a kugu a ƙarƙashin umarninsa. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya albarkaci abin da ya bari.

Ya Allah, bawanKa Amanjol ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanya haske a cikinsa. Ya tsare rayukan mutanen da ba su san sunansa ba, Ka tsare shi daga azaba. Ya yafe tun kafin a roƙe shi, Ka yi masa yadda ya yi wa bayinKa, Kai ne Mafi cancantar yin afuwa. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.